Kwarkwatar takarda: laima ce ke kiranta

Damana ta kan kawo albarka ga gona, amma ta kan kawo ɓarna cikin ɗaki. A Kalfu da sauran garuruwan Adar, watan Agusta ne ruwa ya hi yawa. Bango ya jiƙe, ƙasa ta jiƙe, akwati ya sha laima. A lokacin nan ne wani ƙaramin ƙwaro ke shiga takardun mutane. Ana ce mishi kwarkwatar takarda.

Yau kowane gida da takardarshi. Akwai takardar haihuwar yara. Akwai takardar gona, wadda ake nunawa in rigimar iyaka ta tashi. Makiyayi na da takardar allurar dabbobi. Akwai kayen yaƙi da jahilci. Wani gidan akwai Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafaka, gadon kakanni. In waɗannan sunka lalace, wasu ba a sake samun su.

Ƙaƙa ake gane ta?

Ƙarama ce ƙwarai, milimita 1 zuwa 2, ba ta kai ƙwayar gero ba. Launinta hwari-hwari ne ko ruwan ƙasa. Ba ta da hukahukai. In an buɗe littahi, sai a gan ta tana gudu ta ɓuya cikin ɗinki. Ba ta cizon mutum, ba ta shan jini. Ba gara ba ce: gara na gina ƙasa, tana cinye littahi duka. Ba asu ba ne: asu ya hi ta girma, shina da ƙyalli.

Abincinta hunhuna, wadda ke tsira bisa takarda mai laima. Tana cin danƙon da anka liƙa littahi da shi, tana kankare bayan takarda sannu sannu. Ana samun ta cikin garin hatsi ma. Irin da ya hi yawa, macen na haihuwa ba da namiji ba, kuma cikin wata guda ƙwai ya zama babba. Saboda haka guda ɗaya ta isa ta cika akwati.

Mai hankali ya san wannan: in kwarkwata ta bayyana, laima ta riga ta shiga. Jikinta taushi gare shi, ba ta jimirin bushewa. In wuri ya bushe, da kanta take mutuwa.

A Yamai, ma'aikatar bincike ta IRSH na tsaron tsoffin littattahan larabci da ajami wajen 4000. Marigayi Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, shi ya hwara tara su. A irin waɗannan gidajen ajiya, ko'ina cikin duniya, ma'aikata na auna laimar ɗaki. Suna ɗana tarko mai danƙo don su ga ƙwaron da ke ciki. In littahi ya kamu, su kan ƙulle shi cikin leda, su sa shi cikin injin ƙanƙara mako 1 ko 2. Manomi ba shi da wanga inji. Amma shina da iskar Adar, kuma kyauta ce.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A ɗauke akwati daga ƙasa. A aza shi bisa dutsi ko katako, nesa da bango da randa.
2. Kada a aje takarda kusa da hatsi ko gari.
3. In damana ta wuce, a hidda takardu, a baza su cikin inuwa inda iska ke bugawa. Kada a shanya su ga rana: rana na kashe tawada, tana sa takarda ta karye.
4. A share kowace da ƙyalle mai taushi, busasshe. A share akwatin, a bar shi ya bushe sarai.
5. Kada a ƙulle takarda mai laima cikin leda. Hunhuna za ta ƙaru.
6. Kada a zuba kananzir ko maganin ƙwarin gona. Suna ɓata rubutu, suna cutar yaran da ke karatu.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma maƙwabcinshi wanga labari. Rigakahi ya hi magani. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.