Ƙoda tun a ciki ake gina ta

Ranar Juma'ar da ta wuce an sake zagayawa da kwali a masallacinmu, ana neman taimako wa wani ɗan'uwa da ake yi wa wankin ƙoda. Bai kai shekara arba'in ba. Kowa ya ba da abin da ya samu, Allah Ya saka. Amma tun da na fito nake tunanin yaran ajina, musamman masu kwantar da kai a kan tebur tun ƙarfe goma saboda da ruwan shayi kawai suka baro gida.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai masu tace jini, kusan miliyan ɗaya. Ana gama halittarsu ne tun jariri yana ciki, wajen mako na 36, kuma daga nan ba a ƙara ko guda. Idan uwa ba ta samu abinci mai gina jiki ba, ko aka haifi yaro bakwaini, ko nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, sau da yawa matatan nasa ba su cika ba. Yaron zai tashi garau, ba wanda zai ga komai. Sai ya girma, jiki ya yi nauyi, 'yan matatan su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu, hawan jini ya shigo, ƙoda ta fara gajiya. Wani likitan Amurka, Barry Brenner, ya bayyana wannan tun 1988.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, dubban yaran da yunwa ta kumbura wa ciki nan Libreville aka kawo su a jirgi don a yi jinyarsu. A 2010 aka wallafa wani bincike da aka yi a kasuwannin Enugu: waɗanda aka haifa a tsakiyar waccan yunwar, da suka kai wajen shekara arba'in, sun fi waɗanda aka haifa bayanta fama da hawan jini. Hawan jini kuwa shi da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda.

Wani zai ce ai mu nan ba yunwa muke yi ba. Haka ne, tukunya tana hawa wuta. Amma me ke cikinta? Shinkafa, burodi, rogo, ga dunƙulen magi har uku. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Na san tsadar Mont-Bouët, ni ma can nake cefane, albashin malami kuwa kun san shi. Duk da haka wake, gyada, ƙwai, busasshen kifi da ganyen rogo ba su fi ƙarfinmu ba. Matsalar rabo ce. Tsokar nama tana kwanon maigida, mai ciki da yaron da aka yaye sai romo. Za mu tara kuɗin anko da kayan suna wata da watanni, amma ƙwai ɗaya a rana ga matar da ke ɗauke da jaririn ya zama abin lissafi. Wannan kam, 'yan'uwana maza, laifinmu ne.

Yaron da tamowa ta riga ta raunana, gudawa ko zazzaɓin cizon sauro na kwana biyu suna iya taɓa masa ƙoda nan take. In fitsarinsa ya ragu, ko fuska da ƙafafu suka kumbura, a bar jiƙe-jiƙe a nufi asibiti. Mai ciki ta je awo, jariri ya sha nono zalla wata shida. Wanda kuma ya san an haife shi ɗan mitsitsi, ya riƙa auna jininsa da fitsarinsa ko da yana jin lafiya.

Wankin ƙoda sau uku ake yi a mako, kowane zama kusan awa huɗu, kuma in ba dashe aka samu ba haka za a ci gaba har ƙarshen rayuwa. Ɗan'uwan da muka tara wa kuɗi tela ne, ya rufe shagonsa tun kafin azumi.