Ku Bar Hijabinta, Ku Duba Ƙafar Mai Ɗaukar Kaya

'Yar ƙanwata ta dawo Gumel daga ganawar neman aiki idanunta jajur. Mahaifinta ya sayar da shanun huɗarsa a kasuwar Alhamis ta Maigatari, ya haɗa da kuɗin riɗin bara, don ta yi kwas ɗin tsara tashin jirgi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, aikin da suke kira disfaca. Ta gama, ta samu lasisi, wani kamfani ya kira ta.

"Kawu, wallahi ba wanda ya tambaye ni komai a kan mai ko yanayi," in ji ta. "Cewa kawai aka yi hijabi ba ya cikin yunifom ɗinsu."

Tun ranar raina a ɓace yake.

Mutanenmu na Gagarawa da Sule Tankarkar da ke tashi aikin hajji daga filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014, ba su taɓa ganin fuskar mai wannan aiki ba. A ofis yake zaune gaban kwamfuta. Shi ke karanta rahoton yanayi, ya zana hanyar da jirgi zai bi, ya lissafa man da za a sha, ya zaɓi filin da za a karkata idan hazon hunturu ya rufe Kano. Shi da matuƙi ne ke amincewa a tashi, kuma yana da bakin cewa yau ba za a tashi ba. Ku faɗa mini, ta ina yadin da ke kan mace ya shiga wannan lissafi?

Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ya ɗebo alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. An san da matsalar, amma saboda gaggawa aka sallame shi. Tayoyin suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu. Abin da aka rasa a wannan safiya shi ne mutum ɗaya mai tsoron Allah da zai dafe takarda ya ce a'a. Irin wannan zuciya ya kamata mai ɗaukar ma'aikata ya nema a wurin ganawa.

Ban ce sutura ba ta da doka ba. A farfajiyar da jirage ke tsayawa, tufafi batun rai ne. Injin jirgi yana zuƙe duk abin da ya kusance shi, hula ko gyale. Guntun ƙarfe ɗaya da ya faɗi a titin tashi ya kayar da jirgin Concorde a Faransa a shekarar 2000, mutum 113 suka mutu. Don haka idan aiki ya fitar da yarinyar nan waje, ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ta cusa shi cikin riga, ta ɗora falmaran mai sheƙi. Ita da kanta ta ce musu haka, ba su saurare ta ba.

A wani filin jirgi da na sauka bara, cikin zafin Afrilu, da idona na ga yaro yana jidar kaya ƙarƙashin fiffike da takalmin da tafinsa ya rabe, kunnuwansa a buɗe, inji na ruri a gefensa. Wannan yaro kafin ya kai arba'in sai an ɗaga murya zai ji. A farfajiyar nan kuma ga 'yan tarbar wani babba sun yi dafifi har gindin matakala, manyan riguna na kaɗawa, ba wanda ya iya ce musu uffan. Mu ma laifinmu ke nan, kuma dole a faɗa.

An hana Firdaus Amasa rantsuwar zama lauya a Disamban 2017 saboda hijabi, sai a 2018 aka ba ta haƙƙinta. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na Legas 'yancin sa shi. Sai kowace yarinya ta kai ƙara kafin ta ci abincinta? Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ta ba 'yar ƙanwata lasisi, to ta rubuta wa kamfanoni ƙa'ida ƙarara: ga suturar ofis, ga ta farfajiya, ga tarar wanda ya tura ma'aikaci ba toshin kunne.

Damina ta ƙarato, mahaifinta hayar shanu zai yi bana.