Wurin da baka-biyu ya dace a yaren Java

A yaren Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, akwai hanya biyu ta sanar da jeri, wato ma'ajiya guda da ke riƙe da abubuwa iri ɗaya masu yawa, kamar makin 'yan aji. Mai rubuta manhaja zai iya rubuta int[] maki, ko kuma int maki[]. A wurin kwamfuta duk ɗaya ne. A wurin ɗan Adam mai karantawa kuwa ba ɗaya ba ne, shi ya sa nake ganin malamai da shugabannin ayyukan manhaja su tsaya kan ta farko, su daina ba ɗalibi zaɓi a nan.

Hujjar tana fitowa fili idan aka sanar da abu biyu a layi guda. In an rubuta int[] maki, shekaru; to dukansu jeri ne. In an rubuta int maki[], shekaru; to maki ne kaɗai jeri, shekaru lamba ɗaya ce tak. Ido mai sauri, musamman na wanda ya gaji da duba ɗaruruwan layuka, ba zai lura ba. Java ma ta yarda a gauraya su, a rubuta int[] maki[], wanda ke nufin jeri a cikin jeri, abin da kan rikita har ƙwararre. Kasancewar abu jeri siffa ce ta nau'insa, don haka alamar baka-biyu [] ta zauna jikin nau'in, inda mai karatu ke fara dubawa.

Salo na biyu, wato int maki[], gado ne daga yaren C da Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970. A can yana da dalili, domin an tsara C ne yadda sanar da abu zai yi kama da yadda ake amfani da shi. Java ta ɗauko shi don waɗanda suka saba da C su ji sauƙin shigowa. Wasu da suka biyo baya ba su ga amfanin riƙe shi ba: C# na Microsoft bai yarda da shi ba sam, kuma ƙa'idar rubuta Java ta Google ta hana shi ƙarara.

Wasu za su ce wannan batun son rai ne, tunda manhajar da ke fassara rubutu ga na'ura takan kama kuskuren. Gaskiya takan kama, amma sai bayan an yi shi, kuma saƙonta yakan nuna layin da aka yi amfani da abin, ba layin da aka shuka matsalar ba. Ɗalibin da ke koyo da ƙyar, wuta na ɗaukewa, data na ƙarewa, bai kamata ya ɓata rabin sa'a kan abin da ƙa'ida guda za ta kawar ba. Wasu kuma za su ce tsofaffin littattafai cike suke da salo na biyu, kamar String args[], ɗalibi dole zai ci karo da shi. Haka ne, kuma ina goyon bayan a koya masa karanta shi da gane asalinsa, a darasi ɗaya. Rubutunsa na kansa kuwa ya bi hanya guda. Tilasta hakan ba wuya gare shi, domin manhajar Checkstyle tana da awo na musamman da ke nuna duk layin da baka-biyu ya koma bayan suna, tun kafin aikin ya kai gaban mai dubawa.