Daga Shagon Keke Zuwa Fagen Yaƙi

Kusan kowa a cikinmu ya ji labarin Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane masu shagon keke a Amurka. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi kusa da Kitty Hawk, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci nisan kusan mita 37. Yawanci a nan ake tsayawa, mu yi tafi, a kaɗa ƙararrawa.

A ganinmu wannan rabin labari ne. A 1909 rundunar sojan Amurka ta sayi jirgi a hannun 'yan'uwan nan. A watan Nuwamba 1911, lokacin da Italiya ke yaƙin ƙwace Libiya daga hannun Turkawa, wani matuƙi mai suna Giulio Gavotti ya riƙa jefo gurneti da hannunsa kusa da Tarabulus. Wato shekara takwas ba ta cika ba, jirgin sama ya fara jefa bam, kuma a ƙasar Afirka ya fara. Hatta jiragen da suka fara sauka a Kano a 1925 na sojan Ingila ne.

Ba muna kushe kimiyya ba ne. Da jirgin nan ne iyayenmu ke zuwa Makka cikin 'yan awoyi, tafiyar da kakanninmu kan shafe watanni ko shekaru suna yi. Roƙonmu ga malamanmu shi ne, a riƙa ba mu labarin har ƙarshe. A cikinmu akwai injiniyoyi da matuƙan gobe, gara su san tun yanzu cewa wata rana za a tambaye su abin da aka yi da aikin hannunsu.