Ku daina tsallake babin sunaye

Ni malamin lakwal ne a Icirnawa, ƙasar Matameye, kuma Kirista. Yau da 'yan'uwana malaman makarantar Lahadi da iyaye nake magana, don akwai wata ɗabi'armu da ta ishe ni. Da mun buɗe Matiyu sura 1, sai mu haura ayoyi 17 na farko mu faɗa kan haihuwar Yesu, wai sunayen da wuya, yara za su gaji.

Abin mamaki, mu ne ba ma ba da 'ya aure sai mun binciki asalin yaro. A Damagaram maroƙi na jero sarakuna, ya ambaci Tanimun da magadansa, ba wanda ke hamma. Sai asalin Almasihu ne ya yi mana nauyi?

Matiyu ya kasa sunayen gida uku, zuriya 14 kowanne: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga Babila zuwa Almasihu. Da ɗan Adam ne ke son gyara sunan gidansu, da ya goge Rahab karuwar Yariko, da Rut baƙuwa daga Mowab, da Manassa wanda ya yi shekara 55 yana sarauta, ya ƙona ɗansa hadaya. Duk suna nan, kuma ba ɗayansu da ya karya alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim da Dawuda.

Kashi na uku ne ya fi shafarmu. A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu Babilawa suka rushe Urushalima, suka ƙona Haikali, sarauta ta ƙare. Tsakanin Zarubabel da Yusufu mijin Maryamu akwai mutum tara, irin su Abihud da Azur da Akim, waɗanda Littafi Mai Tsarki bai faɗi komai a kansu ba sai sunan. Shekara kusan 500 ba gadon sarauta, amma ta cikin gidajensu alkawarin ya bi.

Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙona coci-coci a Damagaram. Da labari ya iso, ɗiyata ta tambaye ni ko Allah ya manta da mu. Na rasa amsa. Daga baya na zaunar da ita muka karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, harshenmu na sarƙewa, na nuna mata inda Haikali ya ƙone, na nuna mata cewa jerin bai tsaya nan ba. Yaron da ke zaune inda Kiristoci ba su da yawa, wannan darasin ya fi buƙata.

Wani zai ce ai Bulus ya gargaɗi Timoti kan ƙididdigar asali marar iyaka. Gaskiya ne, amma gardamar banza da tatsuniyoyi yake nufi. Jerin da ke ɗauke da Rahab ba na tinƙaho ba ne.

Malamai, kafin Kirsimeti ku raba wa yara sunayen, kowa ya zo da labarin mutum ɗaya. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku wanda ya fara ba da gaskiya a gidanku, da abin da ya sha. In kun yi tuntuɓe wajen furta Yekoniya, ku maimaita, amma kada ku tsallake.