Ba kowane ciwon hannu ne targaɗe ba

A filayen wasa na makarantunmu, daga Maradi har Damagaram, akwai maganar da ta nakasa yara da yawa: "targaɗe ne kawai." Yaro ya faɗi wajen ƙwallo ko kokowa, ya tokare ƙasa da tafin hannu, gwiwar hannu ta kumbura. Sai wani babba ya kama hannun ya ja, ya murza, a ce a kai shi wurin mai ɗori.

To, ku saurara, iyaye da ƴan uwana malamai. Wurin da ƙashin yaro ɗan shekara 5 zuwa 8 ya fi karyewa in ya yi irin wannan faɗuwa shi ne dab da saman gwiwar hannu. Ta nan gaba babbar jijiyar jini take bi zuwa yatsu. Hannu yana kumbura, an jera masa karare an tamke da tsumma, ina jini zai bi? Cikin awa shida naman damtse na iya fara mutuwa. Yaro na kuka dare farai, ana ce masa ya yi ta maza, ɗori ne ke kamawa. Ranar da aka kwance, yatsu sun ƙanƙance, ba sa riƙe alƙalami har abada. Wani ma sai an yanke hannun.

Ban ce masu ɗori ba su san komai ba. Gado ne, kuma sun yi wa mutane rana. Amma idonsu bai ratsa fata. A wuyan hannu, ƙarƙashin babban yatsa, akwai ɗan ƙaramin ƙashi da masu tsaron gida ke yawan fasawa, wanda ko hoton likita na farko bai cika nuna shi ba, sai an sake bayan kamar kwana goma. Wa zai gano shi da lalube?

Za a ce hoto da tsada, gidan likita da nisa. Gaskiya ne. Amma mu da muke tara kuɗin riguna da kofi duk shekara, wane malami ya taɓa ware ko jikka guda don yaron da zai faɗi? In yatsu suka yi sanyi, suka sake launi, ko yaro ya kasa motsa su, a kwance ɗaurin nan take, a nemi mota. Kada a jira gari ya waye.