Zufar da ta huce kafin a harba bindiga

Ran 12 ga watan Agusta 2017, da dare, a filin wasa na birnin Landan, Usain Bolt ya karɓi sanda domin gudunsa na ban kwana. Tseren mutum huɗu ne, kowane mita 100, shi ne cikon na huɗu a ƴan Jamaika. Bai yi nisa ba sai cinyarsa ta hagu ta riƙe, ya yi ta ɗingishi har ya zube ƙasa, ƴan Birtaniya suka tafi da zinariya. Wanda ya cinye mita 100 cikin sakan 9,58 a Berlin cikin 2009, bajintar da har yau ba a shafe ba, ga shi kwance ana taimakonsa ya tashi.

A daren nan abokin gudunsa Yohan Blake ya koka cewa an tsare su kimanin minti 40 a ɗakin kira, cikin sanyi, ana ta rabon lambobin yabo a fili. Lalle Bolt na gab da cika shekara 31, jiki kuma ya sha aiki. Amma kukan Blake yana kan hanya, kuma duk mai horar da ƴan tsere ya san dalili.

Mai kallo sakan goma yake gani. Ɗan tsere kuwa ya soma aiki tun sa'a guda kafin nan. Da sassarfa yake farawa, kamar minti goma, har zufa ta tsatso. Sa'an nan ya sassauta gaɓoɓi yana tafiya: ya wurga ƙafa gaba da baya, ya juya ƙugu, ya yi dogon taku yana durƙusawa. Daga nan sai motsin da ke sa yara dariya a bakin fili, wato ɗaga gwiwa har ƙugu da sauri, da bugun ɗuwawu da dunduniya, da ƴan tsalle-tsalle. Kowane ɗayansu yanki ne na takun gudu, an ware shi domin jijiya ta tuna aikinta. A ƙarshe ya sa takalma masu ƙusa, ya zabura mita 30 zuwa 60 sau uku ko huɗu, kowace ta fi ta baya sauri, ya gwada tashi daga matokarin ƙafa.

Tsohuwar ɗabi'ar nan ta malaman wasa a makarantu, ta a zauna a miƙe ƙafa a riƙe yatsu ana ƙirga, ta rage daraja. Bincike ya nuna miƙar da ta zarce minti guda tana ɗan rage ƙarfin zabura, shi ya sa masu horo da yawa suka mai da ita bayan tsere.

Manufar wahalar nan duka ita ce tsoka ta ɗauki zafi, domin mai ɗumi ta fi saurin tankwashewa, ta fi jure ja. Direban babbar mota a tashar Maraɗi ba ya taka wuta da asubar ɗari sai inji ya ɗumama. Bambancin kawai, direba na iya barin injinsa a kunne. Ɗan tsere da ya zauna minti 15 ko 20, ɗumin ya soma zurarewa. A manyan gasanni kuwa tilas ya ratsa ɗakin kira, inda ake duba lambarsa da ƙusoshin takalmansa. Shi ya sa ake ganinsu rufe da manyan riguna har dab da tashi, suna dira, suna marin cinyoyinsu. Ba camfi ba ne, tattalin ɗumi ne.

Jira na cin zuciya kamar yadda yake cin tsoka. Tun 2010 doka ta ce wanda ya tashi kafin bindiga sau ɗaya an kore shi, kuma na'urar da ke cikin matokari tana kama duk wanda ya motsa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan harbi. Bolt ɗin nan dai ita ta fidda shi a tseren ƙarshe na mita 100 a Degu, ƙasar Koriya ta Kudu, cikin 2011, Blake ya ci.

Zancen bai yi wa Nijar nisa ba, tunda Aminatu Seyni ta zo ta huɗu a duniya a mita 200 cikin 2022, a Amurka, kuma akwai ƴan makaranta da ke son bin sawunta. Sai dai a wasanninmu na gida sau da yawa takarda na cewa ƙarfe takwas, yara su ɗumama jiki tun bakwai, babban baƙo ya iso goma saura, a soma jawabi. Yaron da ya bushe a rana ko iskar ɗari, shi za a ce ya zabura da iyakar ƙarfinsa, ba likita a kusa. Ma'aikatan da ke tsara irin waɗannan bukukuwa suna da ikon sa jawabi bayan tsere, ko su gaya wa malamai ainihin lokacin tashi. In jinkirin ya riga ya auku, minti biyar na sassarfa da zabura biyu ko uku ake ba yaran kafin a jera su a kan layi.